Giyar gudu ga tsohuwar Chevrolet C10: wacce za ka saya?

Duk wanda ya taɓa hawa babbar hanya da akori-kurar Chevrolet C10 ta shekarun 1970 ya san kukan da injinta ke yi. Giyabos ɗin da ta zo da shi, ko TH350 mai canja kansa ko SM465 na hannu, iyakarsa ɗaya-da-ɗaya: injin ya juya sau ɗaya, farfela ta juya sau ɗaya. Giyar gudu ita ke sa farfela ta fi injin saurin juyawa, sai ƙara ta ragu, shan mai ma ya ragu.

Amma kafin ka taya kowane giyabos, shiga ƙarƙashin motar ka duba aksil na baya. Idan 3.73 ne (wato farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya), tsayin tayarka kuma inci 28, a gudun kilomita 100 injin na juyi kusan 2,800 a minti. Ka sa giyar gudu mai 0.70 (injin ya juya 0.70, farfela ta juya sau ɗaya), sai ya sauko wajen 1,950. Daidai ke nan. Idan kuwa aksil ɗin 3.08 ne, giya mai 0.67 za ta saukar da shi kusa da 1,550, ka ji motar tana nishi da zarar ta ga tudu. Mai irin wannan aksil ya riƙe kuɗinsa tukuna.

A Amurka, inda motocin nan suka fi yawa, giyabos mai canja kansa 700R4 aka fi sakawa don samun giyar gudu. Kamfanin GM, mai ƙera Chevrolet, ya fito da shi a 1982, kuma ya sa shi a akori-kura tun daga masana'anta. Giyarsa ta ɗaya 3.06 ce, tana tayar da kaya ba gardama. Sai dai ya fi TH350 mai gajeren wutsiya tsawo da kamar inci uku, don haka sai an rage farfela, an matsar da ƙarfen da ke tallafe shi. Nemi ƙirar 1987 zuwa sama, na farkon ba su kai su ƙwari ba.

Ni dai 200-4R na fi so ga motar yawo. Tsawonsa kusan ɗaya da wancan TH350 ɗin, sau da yawa farfelarka ta da za ta shiga yadda take. Aibinsa, don ƙananan motoci aka yi shi, kuma tun 1990 aka daina ƙera shi. In za ka riƙa jan tirela, sai an ƙarfafa cikinsa.

Duka biyun suna da wata 'yar waya da ke tashi daga kafireto zuwa giyabos, ita ke faɗa masa ƙarfin matsin mai gwargwadon yadda ka taka totur. A ido ba a bakin komai take ba. Amma in bakanike ya ɗaura ta sako-sako, matsin ya yi ƙasa, faya-fayan kuloci na ciki su yi ta sulɓi har su ƙone, ka zaro sandar awo ka ga man ya yi baƙi yana ƙauri. Tambayi bakanikenka ko ya taɓa saita ta da agogon awon matsi. In ya fara kame-kame, ɗauki motarka.

Shi 4L60E na 1993 ya rabu da wannan waya, amma ba ya aiki sai da kwamfuta, wani kuɗin ke nan.

Mai son kuloci kuma, giyabos na hannu T5 mai giya biyar na ƙaramar akori-kurar Chevrolet S10 ya fi sauƙin zama, domin sandar giyarsa tana gaba, ba ta cin karo da doguwar kujera. Ya dace da injin 250 mai silinda shida. A bayan injin V8 mai silinda takwas na motar ɗaukar kaya ba zai yi ƙarko ba. Nan wurin NV4500 ne, mai nauyi da tsada, wanda wani lokaci sai an yanka daɓen motar kafin ya samu wurin zama.