Yafe haraji ko rabon famfon sola: wanne zai fi amfanar manomin Kebbi?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu noman shinkafar rani a fadamun Argungu da Suru suka fara hangen famfon sola, domin jarkar man da ake ɗura wa injin ban ruwa kullum ta cinye ribar.

Gwamnati na iya yafe duk wani haraji da kuɗin fito da ake karɓa a kan farantin sola da famfo. Kaya za su ɗan sauko a kasuwar Birnin Kebbi, amma mai shigo da su ta Legas ne ke fara cin moriyar, faɗuwar naira kuma kan lashe ragin kafin ya iso gona.

Ko kuma ta sayo famfunan ta raba da rahusa. Wannan yana kaiwa ga mai rabin eka kai tsaye. Matsalarsa, jerin sunaye yakan faɗa hannun 'yan siyasa, kuma in famfo ya tsaya ana tsakiyar ban ruwa, babu mai gyara a ƙauye, shinkafa sai ta ƙone.

Ni na fi karkata ga rabon, muddin ta hannun ƙungiyoyin manoma za a bi, a kuma horar da matasa masu gyara a kowace ƙaramar hukuma.