Faifan kulocin CG125 a kan tsohuwar Honda TL125: faifan ya yi, sifirin bai yi ba

Honda TL125 babur ne na wasan hawa duwatsu da aka fara fitarwa a 1973. A wannan wasa ba gudu ake nema ba, ana so ne mutum ya haye dutse ko kwazazzabo a hankali ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba, yatsa ɗaya na kan libar kuloci daga farko har ƙarshe. Idan libar ta yi tauri, kafin minti goma hannu ya sage. Matsalar ita ce duk shagon da ka shiga a Bauchi ka ce kana neman kayan TL125, mai shago zai ce maka: "Yallaɓai, wannan kam sai dai a yi oda." Abin da ke cike da kasuwa shi ne kayan babur ɗin Honda CG125 da na baburan China masu irin injinsa. Su na gwada: kwalin faifan kuloci, sifirin huɗu da sabuwar waya, aka yi wata biyu ana hawa da su a duwatsun bayan gari.

Faifan ya zauna a cikin kwandon kuloci daram, ba a taɓa shi da magagari ba. Amma kada ka je kasuwa hannu rabbana. Ɗauki tsohon faifai ɗaya ka ɗora shi kan sabon, ka ga kunnuwansu sun yi daidai, kuma ka ƙirga nawa ka ciro, domin wani kwalin biyar ne a ciki, wani shida. Kaurin sabo kusan milimita 3 ne, wanda ya sauka ƙasa da 2.6 ya gama aiki. Faifan ƙarfe da ke tsakani kuwa a kwantar da shi kan gilashi. In ya tashi fiye da milimita 0.2 ko ya yi shuɗi saboda zafi, a yar da shi. A jiƙa sababbin cikin baƙin mai su kwana kafin a ɗaura. Kamunsu ya burge ni ƙwarai, yana shigowa sannu a hankali ba fizga, sai dai da safe lokacin hunturu yakan ɗan manne har inji ya ɗumama.

Sifirin ɗin ne suka ba ni haushi. An yi su ne domin babur mai ɗaukar mutum biyu da buhun masara, ƙarfensu ya fi na asali kauri, libar ta koma kamar ana matsa filaya. Na mayar da tsofaffin. Ma'aunin littafin CG125 shi ne tsawon milimita 35.5, in ya gaza 34.2 a canza, kuma dukkan huɗun su zo tsawo ɗaya. Wasu makanikai kan cire biyu don a sami laushi. Wannan dabarar masu sifirin shida ce. A mai huɗu, kuloci zai riƙa zamewa a giya ta uku daidai lokacin da kake tsakiyar hawa, faifan ya ƙone cikin 'yan kwanaki.

Mafi yawan taurin ma ba a cikin inji yake ba, a waya yake. Ƙurar Bauchi kan haɗu da tsohon giris ta zama kamar laka a cikin bututun. Sabuwar wayar ta rage nauyin fiye da duk abin da aka yi, amma ta CG ta ɗan gaza tsawo saboda kan TL125 ya fi faɗi, sai da aka nemo mai tsayi. A bi da ita ba lanƙwasa mai tsanani, kada a ɗaure ta tamau da jikin babur, a juya kan hagu da dama a ga ba ta ja. A bar wasa na milimita 10 zuwa 20 a bakin liba. Kusar libar ma a wanke ta a sa giris.

Kafin a rufe murfi a shafa yatsa a haƙoran kwando. Idan kunnuwan faifai sun ci su sun yi tsani-tsani, faifan zai riƙa maƙalewa, a yi ta zargin sifirin a banza. A goge da magagari mai laushi, tudun kawai za a kwantar, in aka zurfafa kuloci zai fara ƙara.

Ƙara wa hannun kuloci na jikin inji tsawo da walda yana aiki, kuma lissafinsa a fili yake: hannu mai milimita 50 in ya koma 60, nauyi zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, tafiyar da ke buɗe faifan ma ta ragu da haka. In ƙarin ya wuce milimita 10, giya za ta fara ƙin shiga, furi ya yi wuyar samu.

Mai kuma a zuba na babur mai alamar JASO MA, wato man da ya dace da kulocin da ke aiki cikin mai, kusan lita ɗaya. Wasu man mota na da sinadarin rage gogayya, suna sa sabon faifai santsi tun makon farko.

Faifan zan sake saya, wayar ma haka in an dace da tsawo. Sifirin kuwa, in mai shago ya yarda ya raba kwalin, a bar masa su.