Bakaniken da ya daidaita mini zaman inji a Yawuri

Na kai wa wani bakanike a bakin ruwan Yawuri injin jirgin ruwana, Yamaha mai ƙarfin doki 40, domin duk lokacin da na karya kwana sai farfela ta shaƙi iska, inji ya yi ta ƙugi, jirgi kuwa ya rage gudu. Bai ko taɓa kafireto ba. Ya kara miƙaƙƙen katako a gindin jirgin, ya nuna mini cewa farantin da ke saman farfela ya ɗara gindin da kusan inci 2, alhali kamata ya yi su zo daidai, ko farantin ya ɗan yi ƙasa. Ya rage tsayin katakon bayan jirgin da ake ɗaura injin a kai, muka gwada da lodi, ƙugin ya ɗauke. Sai dai ya cinye mini yini guda, kuma ba ya ragi.