Launin nama a teburin mahauci: wanne za ki ɗauka?

Kafin ki taya, ki ce wa mahauci ya tsaga miki tsokar ki ga cikinta. Sabon yanka yakan fito da ɗan duhu, sai iska ta buge shi kamar minti 30 ya koma jawur. Ba jini ne ke ba shi wannan launi ba, yawancin jinin tun a mayanka ya tsiyaye. Wani furotin ne na cikin tsoka, mayoglobin, da ke canja kala idan ya kama iskar oksijin. Wannan naman nake fara nema, ko na miya ko na dambu.

Wanda ya fi rikita masu saye shi ne mai duhu sosai, mai tauri, busasshe, yana ɗan manne wa yatsa, ko ya daɗe a iska ba ya ja. Matsalarsa ta faro tun dabbar na da rai. Saniyar da aka loda a tirela daga Potiskum ko Maigatari, ta kwana a tsaye, ga yunwa ga duka, jikinta zai yi ta sakin adirenalin, sinadarin da jiki ke fitarwa a lokacin firgici ko wahala, shi kuma ya aika wa ƙwayoyin tsoka saƙo su ƙone sukarin da suka adana. To wannan sukarin ne ke komawa tsami bayan yanka, ya sauke ma'aunin pH (ma'aunin da ke sauka idan tsami ya ƙaru) daga wajen 7 zuwa kusan 5.5 cikin awa 24. Idan sukarin ya riga ya ƙare kafin yanka, ma'aunin sai ya maƙale sama da 6, tsokar ta riƙe ruwanta, ta yi duhu. Ana ci, amma yana saurin lalacewa, don ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa inda tsami ya yi ƙaranci. In ba a ranar za ki dafa ba, ki bar shi.

Duhun naman tsohon sa daban ne. Mayoglobin ne ya yi masa yawa, lafiyarsa ƙalau, wuta kawai yake ci.

Mai ruwan ƙasa kuwa ya jima a shanye ne. Ki shinshina, in akwai wari ko yauƙi, ko an rage kuɗi kar ki karɓa. Na kanti da aka zuƙe wa iska a leda, duhunsa na rashin iska ne, kina buɗewa zai fara ja.

Ni dai abin da ke ci mini rai shi ne ragon layya da ake saukewa daga mota da daddare a yanka da safe. Gara maigida ya sayo shi da wuri, a ba shi ruwa da harawa, ya huta kwana biyu a inuwa.