Tayar keke mai ƙusoshi ta gwanjo: sharhi bayan wata 2 a titunan Kumasi

Tayar da nake magana a kanta irin wadda ke zuwa ce a jikin kekunan gwanjo na Turai, waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema a Ghana a kawo mana Kumasi. Lambarta 26 x 1.75, a gefe an rubuta 47-559, bayanta kuma ƙananan ƙusoshi ne a jere layi 4. Mai sayarwa ya rantse cewa ba ta santsi da damina, ƙaya kuma ba ta huda ta. Kuɗinta ya kusa ninka na tayar gwanjo ta yau da kullum. Ƙaya kam ba ta huda ta ba. Ita da kanta ta cinye tif 3 a mako guda, duk a ƙafar baya.

Ramin ɗan mitsitsi ne kamar na allura, a bayan tif, ɓangaren da ke kallon titi. Ba kwalba, ba waya, ba komai a maƙale. Mai faci zai shafa hannu sau ɗaya a cikin tayar ya ce lafiya lau, ya liƙe, ya buga iska, kwana 2 ta sake kwanciya. Hanyar gane matsalar ita ce a sa alama da alli a jikin taya daidai bawul kafin a cire ta, sannan a ɗora tif ɗin a kai a ga inda ramin ya faɗa. Duka ukun sun faɗa ƙarƙashin ƙusa. Da aka juye tayar ciki ya koma waje, sai ga ɗigon tsatsa a jere, kusan guda 10, wasu har ƙarfen ya leƙo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowace ƙusa tana da faffaɗan gindi kamar maɓallin riga, a zaune cikin ɗan aljihu a robar, bakinta kuma wani ƙarfe ne mai tsananin tauri da ya fito waje wajen milimita 1 ko ɗan fiye. A kan ƙanƙara bakin nan nutsewa yake yi. A kan kwalta ba inda zai shiga, sai nauyin mai keke ya tura shi ciki, gindin ya riƙa cin zaren tayar a hankali. Taya da ta yi shekaru a Turai, ta kwana cikin kwantena, ta zo ta haɗu da zafin kwaltarmu, zarenta ya riga ya gaji. Ƙafar baya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi, shi ya sa ita ta fara. Wannan duk mai sayarwa zai gani da ya juye tayar sau ɗaya, amma wa ya damu?

Gyaran yana yiwuwa. A zare ƙusoshin da suka leƙo da filaya, a liƙe wurin daga ciki da faci mai kauri. Sai a samu tsohon tif, a yanke bawul ɗinsa, a tsaga shi a tsaye, a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tif, a ɗan barbaɗa hoda don kada ya naɗe. Tun da aka yi haka iska ba ta sake fita ba.

Don a yi mata adalci, ba don unguwar Aboabo ta nan Kumasi aka ƙera ta ba. An yi ta ne don hunturun ƙasashe irin su Finland, Jamus da Kanada, inda ruwa ke daskarewa a kan titi ya zama kamar gilashi idan sanyi ya kai digiri 0. A can ba ta da na biyu, kuma 'yan uwanmu da ke kai saƙon abinci da keke a waɗannan ƙasashe su ne ya kamata su neme ta, amma sabuwa. Sabuwa ana fara tafiya da ita wajen kilomita 40 a kan busasshiyar kwalta, ba taka birki da ƙarfi, ba kwana da gudu, don ƙusoshin su zauna daram, in ba haka ba su yi ta zubewa. Mai kuɗin guda ɗaya ya sa ta a gaba, domin in ƙafar baya ta zame ana iya tarewa, in ta gaba ce kafin ka ce me kana ƙasa. Ranar ƙanƙara a rage iska zuwa kusa da ƙaramar lambar da aka rubuta a gefen tayar, don layukan gefe su ma su taɓa ƙasa. A sauke sirdi kaɗan, a rage gudu tun kafin kwana, a fi dogara da birkin baya. Gadoji su ke fara daskarewa. Ga kuma abin da ke ka da mutane da yawa: tayar ta riƙe, ka tsaya lafiya, ka sauke ƙafa, takalminka ba shi da ƙusa.

A nan gida ma ta ba ni mamaki wuri ɗaya. Katakon da ake ɗorawa a kan kwata a lungunan Asawase da Aboabo, idan ya jiƙe ya yi gansakuka, tayar yau da kullum gudu take yi a kansa. Wannan cizonsa take yi. Haka jar ƙasa mai tauri da ruwan Yuni ya jiƙa samanta, tana riƙewa fiye da yadda na zata. Har na fara cewa kuɗin bai faɗi ba.

Sai dai santsin da ta hana a katako ta rama shi a wani wuri. Tayil ɗin gaban shaguna da murfin kwata na ƙarfe, in sun jiƙe, ƙarfe ne kan abu mai tauri, ba abin da zai riƙe wani. A kwana kuwa, inda layukan gefe ke sauka, nan ne haɗarin ya fi. Ƙara kuma kamar ana suyar gyaɗa, tun daga nesa an san ka taho. Nauyin kowace taya ya doshi kilo 1, ga tsohon tif da aka ƙara a ciki, kuma Kumasi gari ne na hawa da gangara, gwiwa ce ke biya. Wanda ke shigar da kekensa ɗaki ya yi bankwana da ledar ƙasa.

Kuma har yanzu maganar tif 3 ɗin nan tana ci mini rai, domin da kuɗinsu da na faci da an sayi sabuwar taya mai kyau a kwali. Duk wanda zai saya duk da haka, ya sa a cire ta daga rim a gabansa, ya juye ta, ya bi layin ƙusoshin da yatsa. In ya ji tudu mai kaifi ko ya ga tsatsa, ya ajiye musu kayansu. Ta baya an riga an cire ta an rataye. Ta gaba tana nan saboda katakon lungu, zuwa ƙarshen ruwan Oktoba.