Tsohuwar hanyar shanu a tsibirin Skye

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Kun sha tambayata yadda harkar fito take a nan Sikotland. To ga labarin wani mashigi da nake so mutanenmu na Yawuri da Ngaski su ji.

Tsibirin Skye yana yammacin ƙasar. Yau ta gada ake shigarsa, amma a da mashigin yana Kylerhea, inda ruwa ya tsuke tsakanin tsibirin da ƙauyen Glenelg. Nan makiyaya suke ƙetarar da shanu da iyo. Sai sun jira igiyar ruwa ta lafa, su ɗaure su jere a bayan kwalekwale, in an fita a kora su kudu har kasuwar Falkirk. Wanda ya taɓa ganin Fulani suna tsallaka Kwara da garke ya san wannan wuya.

Da jirgin ƙasa ya iso Kyle of Lochalsh, wani ƙauye da ke tsallaken tsibirin, a 1897, sai zirga-zirga ta koma can. A 1995 aka buɗe gadar da kuɗin wucewa mai tsada. Mutanen tsibirin suka ƙi biya, har aka gurfanar da wasu a kotu, kafin gwamnati ta soke kuɗin a 2004.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba a yi watsi da tsohuwar hanyar ba. Siririya ce, faɗin mota ɗaya, ta bi ta kan dutse, amma da kwaltarta, an kuma yi 'yan wuraren rakuɓewa don a ba mai tahowa hanya. A ƙarshenta akwai ɗan jirgin fito, Glenachulish, mallakar jama'ar yankin. Mota shida yake ɗauka. Daɓen da motoci ke hawa juyawa yake yi, ma'aikata ne ke tura shi da hannu har ya daidaita da gaɓa.

Shida kuwa shida ne. Ta bakwai jira za ta yi, ko ta wane ne. Ga kayan ceto a rataye, ba a fito da dare, in sanyi ya shigo a dakata sai bazara.

Kuɗin fitonsu ya fi namu nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne. Amma mu a kwalekwale ɗaya ake loda mata da yara da babura da buhunan hatsi ranar kasuwa, kowa kuma ya san gawarwakin da aka tsamo bayan hatsarin Warra a 2021.