Gidan wayar Jamus da rikicin sunayen Nijar da Najeriya

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Kun sha tambayata yadda gidan waya yake aiki a nan Jamus, musamman masu jiran takardu daga 'ya'ya da ƙanne.

A cikin ƙasa dai aikin sai sam barka. Kowane yanki na da lambarsa mai alƙaluma biyar, tsarin da aka fara a 1993 bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma, kuma na'ura ce ke karanta ambulan ta ware. Ba sai ka yi hayar akwati irin P.O. Box ko BP da muka saba da su ba. Har gida ake kawowa, galibi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Sharaɗin kawai shi ne sunanka ya kasance manne a jikin akwatin wasiƙu na ƙofar gida, domin a yawancin gidajen haya suna mai rabo yake bi, ba lambar ɗaki ba. In babu sunan, wasiƙa ta koma inda ta fito, ko da kana saman bene kana jiranta.

Inda gizo ke saƙa shi ne saƙon da zai bar ƙasar. A nan ba ruwan kowa da unguwarku ko garinku. Layin ƙarshe ake dubawa, a jefa saƙon a buhun ƙasar da aka gani. To ga Niger, ga Nigeria, harufa biyu kacal suka raba su, kuma a kwamfuta ɗaya na bisa ɗaya. Na taɓa raka wani ɗan uwanmu da zai aika takardun makaranta Damagaram. Ma'aikaciyar ta buga harufa uku na farko, sunaye biyu suka fito, ta danna na ƙasa ba tare da ta ɗago kai ba. Da ya yi magana sai ta ce ai ta ɗauka gajarta sunan ya yi. Ba mugunta ba ce, Najeriya ce ta fi shiga kunnensu, shi ya sa mutanen Nijar suka fi shan wannan wahala.

Amma 'yan Najeriya ma kada su saki jiki. Akwai Jihar Neja, wadda aka ƙirƙiro a 1976, kuma a rubutun adireshi sunanta daidai yake da na Jamhuriyar Nijar. Mutum ya rubuta Minna, ya bi da Niger State, ya tsaya a nan don a ganinsa kowa ya san inda Minna take. Bature bai sani ba. Abin da ya gani a ƙasa shi zai bi, saƙo ya nufi Yamai. Kuma kada a ce ai maƙwabta ne, iyaka ta kai kusan kilomita 1,500, za a miƙa. A kan miƙa ɗin, amma sai an yi makonni, wani lokaci har amfanin takardar ya wuce.

Ba mu kaɗai ba ne. Kinshasa da Brazzaville suna hangen juna ta tsallaken kogi, kowace babban birnin wata Kongo ce daban. Haka Gini da Gini Bisau.

Ƙa'idar da gidan wayar nan ke so mai sauƙi ce: sunan ƙasa shi kaɗai a layin ƙarshe, da manyan baƙaƙe, cikin Jamusanci ko Faransanci ko Ingilishi. Ni nakan ƙara lambar yanki, tunda ta Najeriya alƙaluma shida ce, ta Nijar huɗu, mai lura zai gane. A kan rasit kuwa a duba gajeren suna: NE Nijar ce, NG Najeriya. A duba tun ana gaban kantar gidan waya, kafin kaya su shige ciki. Lambar bibiya ba za ta tona kuskuren ba, domin DE, gajeren sunan Jamus, da ke ƙarshenta ƙasar da kaya suka taso take nunawa, ba wadda za su je ba.

Duk wanda zai turo mini adireshi daga yau, ya haɗo da lambar wayar mai karɓa cikakkiya, da +227 ko +234 a farkonta, kuma ya rubuta sunan ƙasar ko da yana ganin na sani.